Ɗan Saƙo Ba Nauyi

Ranar da maigidana ya shigo yana murmushi ya ce ya sayi ɗaki, na ɗauka wani gida ya kama mana mai ɗan faɗi, har na fara tunanin inda zan ajiye firiza. Sai ya miƙo min waya. Abin da na gani a hoton wata tsohuwar tirela ce fara, mai taga biyu da ƙofa ɗaya, irin wadda 'yan China masu son yawon shan iska ke ɗaurawa a bayan mota su je bakin ruwa su kwana. Fentinta ya koɗe, an liƙa mata hoton wani kifi a gefe.

Na ce, "Baban Najiba, wannan kuma fa? Mu za mu koma ciki?"

Ya ce, "Na Baba ne."

Sunana Surayya, 'yar Fagge ce ni daga Kano, ina da ɗan wurin sayar da abinci a Dengfeng, wata unguwar baƙin 'yan kasuwa a nan China, saman masu gyaran waya. Maigidana Maidaji ɗan Maradi ne, wandunan jins yake sara a Xintang, wani gari da ke kusa da mu, yana turawa gida. Mutumin kirki ne, ba don mijina ba ne na faɗa. Matsalarsa ɗaya ce tak: kalmar a'a ba ta fita daga bakinsa. Ko rigar jikinsa ka yaba sai ya fara ɓalle maɓalli.

Baban da yake nufi shi ne mahaifinsa, Baba Tankari, tsoho mai shanu a arewacin Dakoro. Da damina ta faɗi yake kaɗa shanunsa ya yi nesa da gonakin mutane, ya shiga daji, tabarma a ƙasa, leda a sama, haka zai yi har kaka. Daminar bara ciwon haƙarƙari ya kama shi, sai da Sabiru ƙanin Maidaji ya ɗauko shi ranga-ranga zuwa asibiti a Maradi. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, in tsohon nan ya sake kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa damina guda, su fara haƙuri. 'Ya'ya suka taru suka roƙe shi ya zauna a gida. Ya ce shanun ba su san muryar kowa ba sai tasa, ya juya musu baya. Tun daga nan duk saƙon murya da ya turo, tari ne ke buɗe shi, tari ne ke rufe shi.

Maidaji ya ce da ni, "Tunda ya ƙi zuwa ɗaki, ɗakin zai je masa."

Ni da na ɗaura ɗamarar faɗa, sai na ji jikina ya yi sanyi. Na ce Allah ya yi albarka, na tambaye shi yaushe za ta tashi. Nan ne gizo yake saƙar. Kwantena ɗaya ta rage kafin hutun Sabuwar Shekarar 'yan China, kuma wanda ya zauna a garin nan ya san hutun nan ba wasa ba ne. Shaguna su rufe, masu lodi su watse, gari ya zama kamar an share. In tirela ta shiga wannan kwantenar, za ta bi ruwa zuwa Lome, ta hau mota, ta isa kafin hadarin farko. In ta kuskure ta, sai ta iske Baba ya riga ya jiƙe.

A wani fili bayan siton da yake lodi a Xintang aka ajiye ta. Maidaji ya wanke ta ciki da waje kamar amarya za a kawo. Ya cire tebur da 'yan tarkacen da ke gaba, ya bar gadon da ke baya, saitin tayoyi. Ya sayo sabuwar katifa, gidan sauro, buta, darduma, da fitila mai cajin rana, ya jera, ya rataya labule ya raba gadon da sauran ɗakin. Shi kansa ba ya zama a kai. Ranar da na je gani na ajiye jakata a gefen katifar, sai ya ɗauke ta ya miƙo min, ya kuma shafe wurin da tafin hannunsa. Gadon uba ne, na sani, mu ma a gidanmu ba a hawa. Amma jaka fa, jama'a.

To ban san wanda ya fesa labarin ba, sai ga shi ya zagaye Dengfeng: Maidaji yana da ɗaki guda zai tafi Maradi, ba kowa ba komai a ciki. Wurin kwantena awo ake yi, kowane taku da lissafinsa, amma cikin tirela ai iska ce kawai za ta yi tafiya. Ɗan kasuwa kuwa in ya ji an ce wuri zai tafi gida fanko, ko barci ba ya iya yi.

Ilu ne ya fara zuwa, wani ɗan garinmu mai sayar da kayan gini. Ya ci tuwona, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Maidaji, ɗan kwali ne, ba nauyi. Daga Maradi a miƙa min Kano, ai nan da nan ne." Sai Hajiya Balki, 'yar Yamai mai kayan kicin, ta zo da nata ɗan buhun, shi ma ba nauyi. Daga nan sai babba, Alhaji Sharif, dattijon 'yan Maradi a garin, wanda shi ya fara nuna wa Maidaji hanyar Xintang. Shi bai ma zo ba, waya ya yi. Bayan su wasu suka biyo da ƙulli-ƙulli, kowa da sunan wanda za a kai wa. Ni dai ban taɓa jin wanda ya kawo saƙo ya ce da nauyi ba.

Maidaji yana ta "To, ba komai, Allah ya kai lafiya." Ko mutum ɗaya bai gaya wa dalilin sayen tirelar ba. Na ce ya faɗa musu mana, ya ce sai ka ce yana tallar abin da ya yi wa ubansa. Saboda haka duk suka ɗauka wani mai kuɗi ne ya yi odar ta, zai ajiye a gidan gona. Kaya kuwa duk wanda ya zo, a gaba ake jibge shi, daga bakin ƙofa har rufi, don ba abin da zai tsallake labulen nan. Rabin ɗaki ya cika maƙil, rabi kuma gado ne shi kaɗai yana shan iska.

Gaban tirelar akwai wasu ƙarafa biyu da suka miƙo suka haɗe kamar wuya, bakinsu ne ake sargafawa a bayan mota. A jikin wuyan akwai ƙafa guda ta ƙarfe mai mariƙi, in ka juya ta ɗaga wuyan, in ka mayar ta sauke shi. Ita ce jak, 'yan Maradi su ce kirik. In an kwance tirela daga mota, duk nauyin gabanta a kan ƙafar nan yake tsayawa. Tamu ta tsufa tun a hannun mai ita na farko, tsatsa ta ci ta, in ana juya ta kuka take kamar ƙofar tsohon shago.

Ana saura kaɗan a yi lodi, ina cikin tuƙa tuwon rana, Maidaji ya kira ni, muryarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na bar wa yarinyar shagona muciya na kama hanya. Na tarar da jak ta lanƙwashe kamar ayaba, wuyan tirela ya kife a ƙasa, bayanta ya ɗaga sama. Motar da za ta ja ta zuwa bakin kwantena ta zo, direba ya leƙa, ya ga ba ta yadda zai sargafa, ya yi gaba abinsa.

Akwai wani makanike a gefen filin, Liang, ɗan gajere mai yawan dariya, wanda Maidaji ke kai wa dambun nama lokaci-lokaci. Shi ma ya riga ya ɗaure kayansa, tikitin jirgin ƙasa na aljihunsa, garinsu zai tafi hutu. Ya zagaya tirelar, ya leƙa ta ƙofa, ya ga kaya har rufi, ya kama ciki yana dariya. Ya yi magana a wayarsa, waya ta fassara mana: sabuwar jak akwai, zai ɗaura, amma ba zai taɓa komai ba sai an fitar da kayan nan, kuma ranar Juma'a da yamma zai rufe shago.

Ya fito da iri biyu. Ɗaya mai lantarki ce, danna maɓalli kawai, tana sheƙi. Maidaji ya shafa ta, na ga ransa ya biya, amma ya ajiye. Ya ce dajin Baba ba wuta, in batir ya mutu wa zai kira? Ya ɗauki mai mariƙin hannu. Liang ya nuna masa ƙaramar taya da ake sa wa a ƙasanta, nan ma ya girgiza kai, ya ce yashi haɗiye taya yake, a ba shi mai faffaɗan tafi kamar na raƙumi. A nan kam na yaba masa, in dai zaɓen kaya ne ba a yi masa wayo.

A hanyar komawa ne muka yi ta. Na ce, "Ka kira su kowa ya zo ya kwashe kayansa."

Ya ce, "Maman Najiba, da wane ido zan kalli Alhaji Sharif?"

Na ce, "Da wanda za ka kalli Baba in ruwa ya sauka."

Na sassauta, na ce to a raba kayan, a ɗora wasu a kan gadon, a shimfiɗa leda. Ya juyo ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ga shi nan dai, ba zai iya mayar wa mutane saƙo ba, ba zai iya ɗora kaya a gadon ubansa ba, kwantena kuma ba ta san kunya ba, lokacinta in ya yi rufewa za ta yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa.

Ranar Juma'a da sassafe na dafa dambun shinkafa da zogale, na soya kaji, na cika manyan kuloli biyu. Muka tafi Masallacin Huaisheng. Ana sallamewa na tare Hajiya Balki a bakin ƙofar mata, na ce walima muke yi a Xintang, a zo a yi wa kaya addu'a kafin su hau ruwa. Maidaji na tura wajen maza da wannan maganar, shi bai san abin da na ƙulla ba. Walima da dambu, wa zai ƙi? Mota guda muka cika, Alhaji Sharif a gaba yana ba direba labarin da direban ba ya ji.

Muna shiga filin hira ta tsaya cak. Alhaji Sharif ya gyara zaman hularsa ya ce, "Subhanallahi, mi ya samu abin ga?"

Na ce, "Ganin ku ta yi, Alhaji, ta durƙusa tana gaishe ku."

Na shimfiɗa tabarma, na jera kuloli, na ɗan buɗe ɗaya ƙamshi ya fita, na mayar na rufe, na zauna a kai. Na ce makanike ya ce sai an sauke kaya zai sa sabuwar jak, masu lodi kuma duk sun tafi hutu. "Amma abin da sauƙi, tunda duk ba nauyi. Kowa ya ɗauko nasa, mu ci abinci." Maidaji ya sunkuyar da kai yana neman inda zai shige.

Ilu ne ya fara, da kuri. Ya naɗe hannun riga, ya rungumi ɗan kwalinsa, ya yunƙura. Kwali ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa har jijiyar wuyansa ta fito, sannan ya ja shi a ƙasa zuwa bakin ƙofa. Tayil ne, kuma ba kwali ɗaya ba, ashe ya yi ta aikowa da ƙannensa a baya. Na ce, "Sannu Ilu, ko in kama maka?" Ya ce, "Hajiya, samfur ne fa kawai." Na ce samfurin nan zai shimfiɗe masallacin unguwa.

Hajiya Balki ta ce ita nata tukwane ne, tukunya kuwa ai ba komai a cikinta. Muka kama buhun mu biyu muka saukar da ƙyar. Na kwance, na ɗaga murfin babbar, sai ga wata a ciki, cikin wannan ma wata, ta ƙarshen kuma cike da cokula. Ta kalle ni, na kalle ta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu. "Walle ɗiyata, a shago ba su kai haka ba."

Na Alhaji Sharif ne a can ƙasa, dab da wuyan tirela, an naɗe shi da bargo an ɗaure da igiya. Ya ce wa samari su ɗauko masa ɗan abin nan. Mutum biyu suka gwada, suka kira na uku, suka kira na huɗu, har Liang ya ajiye sigarinsa ya kawo hannu. Da bargon ya zame sai ga injin niƙa, sabo fil, da kansa da gindinsa. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙarami ne cikin irinsu." Ba wanda ya iya riƙe dariya, har shi.

Kaya na fita tirela ta yi ajiyar zuciya. Liang ya sa wa tayoyi weji don kada su gangara, maza suka kama wuyan suka ɗaga da "ya Allah", ya tura katakai a ƙarƙashi ya zauna daram. Sannan ya tsuguna gaban tsohuwar jak. Noti uku ne suka riƙe ta a jikin wani faranti na ƙarfe. Ya fesa musu mai, ya ɗan jira, ya sa sifana mai dogon hannu. Biyu suka kwance suna ƙara. Na ukun tsatsa ta haɗe shi da farantin, ya ƙi ko motsi. Ilu ya ce a ba shi, ya hau sifanar da ƙafa, sifana ta zame, ya zauna a ƙasa daɓas. Liang ya ce, "Meyo, meyo," wato babu, ba ta haka ba, ya jawo injin yankan ƙarfe. Tartsatsi ya tashi, Hajiya Balki ta ja mayafinta ta yi baya tana salati, noti ya faɗo gida biyu.

Ya zare tsohuwar ta sama ya jefar gefe. Ya goge farantin da burushin ƙarfe har ya yi haske, ya shafa fenti, ya zura sabuwar ta ramin, ramukan noti suka hau daidai kamar tare aka haife su. Ya ɗaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙara tamkewa, ya buɗe murfin sama ya cusa giris da yatsa, ya maƙala faffaɗan tafin a ƙasa. Maidaji ya ce a tsaya, ba ƙato zai gwada ba, don wanda zai riƙa juya ta ba ƙato ba ne. Sai aka ce Hajiya Balki. Ta matso da zobbanta da awarwaronta, ta kama mariƙin da hannu ɗaya ta juya. Ba ƙara, ba gardama, wuyan tirela ya rabu da katakai ya tashi a hankali har ɗakin ya daidaita. Muka sa shewa, Liang ya ɗaga babban yatsa, ni kuma na sauka daga kan kula.

An ci dambu an yi santi. Liang ma ya ci, yaji ya sa shi hawaye yana ta "shiye-shiye", wato godiya. Ina tattara kwanuka sai Ilu ya suɗe hannu ya ce, "To jama'a, ƙafa ta samu, a mayar da kaya." Ni kuwa iyakar dabarata ke nan. Na ɗauka in sun ji nauyin a hannunsu za su ji kunya. Ashe dambu ƙarfi ya ƙara musu.

Liang ya gane abin da ake shirin yi, ya tare ƙofa yana kaɗa hannu. Waya ta fassara: in aka sake jibge kayan nan a gaba, sabuwar ma lanƙwashewa za ta yi kafin jirgi ya kai rabin hanya. In dole sai an sa kaya, to a sa su saitin tayoyi, can baya. Alhaji Sharif ya leƙa ciki ya ce, "Ai shi ke nan, makanike ya kawo magani. Ga wuri can baya hululu, ga gado ba kowa. A ɗora injin bisa, tukwane su bi." Ya sa ƙafa a matakala ya miƙa hannu zai yaye labulen.

Magana ta zo min har leɓe, mai zafi kuwa. Ban kai ga furta ta ba sai na ga Maidaji ya riga shi shiga, ya tsaya tsakaninsa da labulen.

Ya ce, "Alhaji, a'a."

Tunda na aure shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, har waigawa na yi in ga ko wani ne ya faɗa.

Ya ce, "Ku gafarce ni, Alhaji. Gadon Babana ne." Daga nan maganar ta ɓalle masa, ya faɗi ciwon bara, da abin da likita ya ce, da shanun da ba su san muryar kowa ba, da kwantenar da za a rufe gobe. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar mai amsa laifi.

Alhaji Sharif ya sauko daga matakalar, ya tuɓe takalmansa, sannan ya sake hawa. Maidaji ya matsa masa. Ya ɗaga gefen labulen da yatsa biyu, ya daɗe yana kallon katifar da butar da dardumar, bai taɓa ko ɗaya ba. Da ya fito idonsa ya kaɗa, kuma faɗa ya fito da shi.

"Kai wane irin yaro ne? Ka bar mu muna ɗora ma tsoho injin niƙa bisa kai, ba ka buɗa baki? Mu mun ce wani mai kuɗi ne za ya sha iska!" Ya juya kan sauran. "Kowa ya kwashe tarkacenshi. A kai sito na, in an dawo hutu su bi kwantena ta."

Na ce, "Au, Alhaji, ashe kuna da kwantena?"

Ya ce, "Biyu." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya rufe baki da hannu, aka sake kwashewa da dariya.

Kafin mu tashi Hajiya Balki ta zaro 'yar ƙaramar tukunyar nan ta can ciki, ta zazzage cokulan, ta miƙa wa Maidaji. Ta ce, "Wannan saƙo ne, na Baba, ya dafa shayi. Ba nauyi." Na karɓa na jinjina da kaina kafin na yarda. Alhaji Sharif ya aika aka sayo sabon bargo mai kauri. Ilu ya rasa abin bayarwa, ya kawo tayil ɗaya wai a riƙa sa wa a ƙarƙashin jak saboda laka. Liang ya karɓa ya mayar masa, ya shiga shago ya fito da wani guntun katako mai faɗi, ya nuna ƙarƙashin tafin, ya nuna yamma, ya ce, "Baba." Washegari da safe tirela ta shiga kwantena, aka ɗaure ta, aka rufe.

Daga nan sai jira. Maidaji ya koma kamar ma'aikacin hasashen yanayi, kullum yana duba hadarin Dakoro a waya. Jirgi ya isa Lome, kaya suka daɗe a hanya, har muka fara jin an yi yayyafi a kudu. Sannan Sabiru ya kira ya ce ta iso, ya ja ta da a-kori-kura har inda shanu suke. Muka ce Baba fa? Ya ce Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya wuni yana juya jak sama da ƙasa, ya ce ƙarfen na kirki ne. Amma da dare ya yi, tabarmarsa ya shimfiɗa a waje. Maidaji ya ajiye wayar, ranar ko abinci bai ci ba. Ni ma na ji tsoro, na ce kada duk wahalar nan ta tashi a banza.

Wata rana da tsakar rana, shago cike da masu cin abinci, sai ga Maidaji ya hawo da gudu, waya a hannu, ya ja ni bayan kanta. Saƙon murya ne daga Baba, can asuba ce a wurinsu. Ya danna. Da farko ba magana, sai wata ƙara kamar ana zuba gero a faranti, mai yawa, ba tsayawa. Can sai muryar tsohon.

"Maidaji, kana ji? Ruwa ne. Bisa kwano shika zuba, ba bisa ni ba."

Sai muka ji wani ɗan kuka siriri kusa da wayar, mbee.

"Wannan ɗiyar jar saniya ce, jiya aka haihe ta, sanyi take ji. Na ɗora ta bisa gadon, ai akwai wuri. Ka gaida Surayya."

Na dubi Maidaji. Gadon da jakata ba ta isa ta zauna a kai ba. Ya fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba, ga masu abinci suna kiran a ƙara miya. Ya sake danna saƙon, muka kara kunne mu biyu, muka saurara tun daga farko har ƙarshe. Ruwa muka ji, da maraƙa, da muryar Baba. Ba mu ji tari ba.